Fursunoni takwas, mafarauta uku: warware sarƙaƙiyar zango na biyu na Prison Break

Tun da shirin Prison Break ya shiga Netflix a Amurka a 2024 ya sake tashe, shekara 19 bayan tashar Fox ta fara nuna shi a ranar 29 ga Agustan 2005. Sababbin masu kallo sun bi sawun na dā, kuma inda na dā suka yi tuntuɓe, nan su ma suke yi. Zango na farko ba ya wahalar da kowa: gidan yari ɗaya ne, ƙane yana son fitar da wansa kafin a zartar masa da hukuncin kisa. Da aka shiga zango na biyu, mai kashi 22, wanda aka nuna daga Agustan 2006 zuwa Afrilun 2007, sai labarin ya rabu gida-gida. Jami'in da aka ɗora wa alhakin kamo fursunoni yana kashe su. Wanda ya azabtar da likita jiya, shi ne mai ceto ta a kotu yau. Gandiroban da ke tsare mutane ya wayi gari a ɗakin da yake kulle wasu. Wanda bai kalla ba, kuma ba ya son a riga shi ba da labari, gara ya dakata a nan.

## Yadda mutum biyu suka zama takwas

Lincoln Burrows yana jiran kisa a gidan yarin Fox River da ke jihar Illinois, bisa laifin harbe Terrence Steadman, ɗan'uwan mataimakiyar shugaban ƙasa Caroline Reynolds. Gaskiya ne ya je wurin ajiye motoci da bindiga a hannu, saboda bashin dala 90,000 da ya ci domin karatun ƙanensa, amma gawa ya tarar a cikin motar. An gyara hoton kyamarar tsaro, aka shafa masa kashin kaji. Ƙanen, Michael Scofield, injiniyan gine-gine ne, kuma ma'aikatarsu ta taɓa yin aikin gyara a wannan gidan yari. Ya sa aka ɓoye taswirar ginin cikin zanen da aka yi masa a jiki, ya yi fashin banki da gangan, aka yanke masa shekara biyar a can.

Shirin na mutum biyu ne. Fernando Sucre ya shiga saboda ɗakinsu ɗaya da Michael, ba a haƙa rami a ɓoye wa abokin kwana. John Abruzzi, ƙasurgumin ɗan mafiya, shi ke riƙe da rukunin fursunoni masu aikin gyare-gyare, kuma shi zai kawo jirgin sama. Theodore Bagwell, wanda ake kira T-Bag, da Benjamin Franklin, wato C-Note, gano ramin suka yi, suka ce ko a tafi da su ko su tona. David Apolskis, mai laƙabin Tweener, da Charles Patoshik, mai laƙabin Haywire, sun shigo daga baya. Likitar gidan yarin, Sara Tancredi, 'yar gwamnan jihar, ta bar ƙofar ɗakin shan magani a buɗe. Da suka isa filin jirgin, jirgin ya tashi ya bar su. An gudu ba a tsira ba.

Zaɓen Illinois yana da tushe a zahiri. A Janairun 2000 Gwamna George Ryan ya dakatar da zartar da hukuncin kisa a jihar, bayan an wanke mutum 13 da ke jiran mutuwa, alhali waɗanda aka kashe tun 1977 mutum 12 ne. A 2003 ya sassauta wa duk waɗanda suka rage, a 2011 kuma jihar ta soke hukuncin gaba ɗaya. Ke nan tsoron a kashe marar laifi ba ƙirƙirar marubuta ba ne, ko da yake kujerar lantarkin da ake nunawa a shirin jihar ta daɗe da barin ta, ta koma allura. Fox River ba ya wanzu, amma ginin da aka ɗauki zango na farko a ciki tsohon gidan yarin Joliet ne, wanda aka rufe a 2002.

## Wa ke bin su?

Mahaliccin shirin, Paul Scheuring, ya kwatanta zango na biyu da tsohon shirin nan The Fugitive na shekarun 1960, sai dai a nan masu gudun takwas ne maimakon ɗaya. Abin da ke rikita mai kallo shi ne masu farautar ma ba ɗaya ba ne. Farauta uku ce ake yi a lokaci guda, kowacce da manufarta.

Ta farko ta hukuma ce. A Amurka kowace jiha tana da dokokinta da 'yan sandanta, amma idan mai laifi ya tsallaka iyakar jiha yana gudun shari'a, gwamnatin tarayya na da hurumin shiga. Shi ya sa hukumar FBI ta karɓi aikin, ta damƙa shi a hannun Alexander Mahone. Ta biyu ta kwaɗayi ce. Brad Bellick, shugaban gandirobobin da aka kora bayan tserewar, ya haɗa kai da wani korarren abokin aikinsa, Roy Geary, suna neman tukwicin da aka sa a kan fursunonin, daga baya kuma suka ji ƙamshin kuɗin da ya fi tukwicin.

Ta uku ita ce ke juya komai. Abin da shirin ke kira Kamfani ba kamfani ba ne mai ofis da allo a bakin ƙofa, ƙungiyar asiri ce ta masu kuɗi da masu iko da ke sarrafa gwamnati ta bayan fage. Steadman yana da wani kamfanin makamashi, Ecofield, wanda ake bi ta cikinsa da kuɗaɗen siyasar 'yar'uwarsa. Da asiri ya kusa tonuwa, sai aka shirya masa mutuwar ƙarya aka ɓoye shi a jihar Montana. Aka zaɓi Lincoln ya ɗauki laifin saboda mahaifinsa, Aldo Burrows, tsohon ma'aikacin Kamfani ne da ya juya masu baya, ana so a fito da shi daga maɓoya. A ƙarshen zango na farko an sa wa shugaban ƙasa guba, Reynolds ta hau kujera. Paul Kellerman, jami'in rundunar da ke tsaron shugabannin ƙasa, shi ne hannun damanta, Bill Kim kuma shi ke isar da umarnin Kamfani.

Hukuma tana so a maido da fursunonin gidan yari. Kamfani ba ya son ko ɗaya ya tsaya gaban alƙali, domin ba a san abin da Michael ya faɗa masu ba. Duk wanda ya riƙe wannan bambanci, rabin ruɗanin ya warware.

## Mahone, inda farauta biyu suka haɗu

Mahone, wanda William Fichtner ya fito a matsayinsa, shi ne mutum na farko a shirin da ƙwaƙwalwarsa ta kamo ta Michael. Tun a kashi na farko ya tattara hotunan zanen jikin, ya gane cewa taswirar ba ta tsaya a katangar gidan yari ba, har hanyar gudu tana ciki. Wasu kalmomi uku da ke kama da sunan daji ya raba su ya gano rubutun kan kabari ne, inda Michael ya binne tufafi da kayan tafiya. Wani rubutun, idan aka juya shi ƙasa, lambobi ne na wani wuri a hamadar kan iyakar Meksiko. Zanen da ya fitar da Michael daga Fox River ya koma sawun da ake bin sa da shi.

Amma Mahone yana da gawa a bayan gidansa. Ya daɗe yana farautar wani mai kisa da fyaɗe, Oscar Shales, kuma da ya kama shi bai kai shi kotu ba, ya kashe shi ya binne a lambunsa. Tun daga nan yake rayuwa da ƙwaya, wadda yake ɓoyewa a cikin biro. Kamfani ya san wannan sirri, yana kuma barazana ga tsohuwar matarsa da ƙaramin ɗansa. Saboda haka da rana jami'in tarayya ne mai magana da 'yan jarida, a ɓoye kuma mai cika umarnin kisa.

Masu kallo sun rabu a kansa. Wasu na ganin tilasta masa aka yi, kuma zangunan da suka biyo baya sun goyi bayansu, domin ya zama abokin tafiyar Michael. Wasu na cewa kisan Shales da hannunsa ya yi shi tun kafin Kamfani ya taɓa shi, kuma yadda ya kashe Tweener ba aikin mai rawar hannu ba ne. Shirin bai raba gardamar ba, ya ba kowane ɓangare hujja.

## Kowa da igiyar da ta ja shi

A nan ne rubutun zangon ya fi ƙarfi. Idan aka bi takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, kusan babu wanda wayon 'yan sanda kaɗai ya kama. Kowa ya koma wurin abin da ya kasa bari, Mahone kuma can yake zuwa ya jira.

Abruzzi ya riga ya tsira. Yana tare da iyalinsa, jirgin ruwa na jiransa, sai aka kawo masa labarin inda Fibonacci yake, mutumin da ya ba da shaidar da ta ɗaure shi. Labarin tarko ne. Ya bar matarsa da 'ya'yansa ya tafi ɗaukar fansa, ya tarar da jami'ai sun kewaye masaukin. Aka ce ya durƙusa, ya ce ga Allah kaɗai yake durƙusawa, ya ɗaga bindiga, aka yi masa ruwan harsashi. Wannan a kashi na huɗu ne kacal, kuma da shi da kisan lauya Veronica Donovan a kashi na farko, jim kaɗan bayan ta ga Steadman da idonta, aka sanar da mai kallo cewa babu wanda ransa ke da tabbas.

Tweener yaro ne ɗan sane, wanda ya taɓa zama ɗan leƙen asirin Bellick a gidan yari. Da aka kama shi a Utah, Mahone ya nemi ya kai su inda sauran suke. Ya ɗauke su har ƙofar wani gida, ashe gidan ɗalibar da ta rage masa hanya ne, yana so ya yi mata sallama. Karo na farko ke nan da bai ci amana ba, kuma shi ya jawo ajalinsa: Mahone ya tsaya da shi a gefen hanya, ya faɗa masa sirrin Shales, ya harbe shi, ya ce kare kansa ya yi. Haywire mai taɓin hankali ne, burinsa ya haɗa kwale-kwale ya tafi ƙasar Holan saboda wani zane da ya gani. Ya kashe uban da ke dukan wata yarinya, aka gano inda yake, ya hau saman rumbun hatsi. Mahone bai harbe shi ba, magana ya yi masa a hankali har ya saki hannu ya faɗo.

C-Note tsohon soja ne da aka kora bayan ya kai ƙarar azabtar da fursunoni a Kuwait, ya ɓoye wa matarsa cewa yana gidan yari. Ciwon ƙodar 'yarsa ne ya sa ya miƙa wuya. Mahone ya yi masa tayin da ya fi kowane muni: ya rataye kansa, ko a sake kama matarsa, wadda aka taɓa tsarewa saboda shi. Ya gwada, gandirobobi suka cece shi, daga nan ya amince ya ba da shaida a kan Mahone, aka sa shi da iyalinsa cikin shirin kare shaidu, wanda gwamnati ke sauya wa mutum suna da mazauni. Sucre kuwa budurwarsa Maricruz ce kawai a gabansa, har Meksiko ya bi ta.

Akwai kuma kuɗin da ya tara da yawansu a garin Tooele na jihar Utah. Wani dattijon fursuna, Charles Westmoreland, wanda ya cika a daren gudun, ya bayyana cewa shi ne D. B. Cooper, kuma ya binne dala miliyan 5 a ƙarƙashin wani rumbu. Cooper mutum ne na gaske: a ranar 24 ga Nuwamban 1971 ya yi fashin jirgin sama tsakanin Portland da Seattle, ya karɓi dala 200,000, ya dira da laima, ba a sake ganinsa ba, har FBI ta jingine binciken a 2016. Miliyan biyar ɗin ƙarin marubuta ne. Michael da Sucre sun shirya wasan ƙwace jakar daga hannun sauran, amma T-Bag ya riga ya yi masu ungulu da kan zabo, mujallu suka tarar a ciki.

## Hujjar da ke narkewa a hannu

Sau uku 'yan'uwan suka kama abin da zai wanke Lincoln, sau uku yana zubewa. Mahaifinsu ya dawo da bayanin makircin, Mahone ya harbe shi. Suka kamo Steadman da ransa, ya harbe kansa a ɗakin masauki kafin 'yan jarida su iso, kuma tun da Kamfani ya sauya bayanan haƙora da na jininsa, gawarsa ba ta tabbatar da komai ba. Sai faifan muryar da Gwamna Frank Tancredi, mahaifin Sara, ya ɓoye kafin a kashe shi a ce rataye kansa ya yi. A ciki ana jin Reynolds tana magana da ɗan'uwanta bayan ranar da aka ce ya mutu, amma babu hanyar tabbatar wa kotu ranar da aka naɗe shi. Abin da ya rage na amfaninsa shi ne abin kunyar da ke tsakanin su biyun, da shi Michael ya matsa mata ta yi masu afuwa. Ta amince, ta hau mumbari, sai ta sanar cewa tana da cutar daji, ta ajiye mulki. Ta kuɓuce wa Michael da Kamfani a lokaci guda.

A nan akwai kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. Afuwa yafiya ce daga mai mulki, ba ta nufin mutum bai yi laifi ba. Wankewa kuwa hukuma ce ke amincewa cewa tun farko ba shi ya aikata ba. Lincoln afuwa ya nema don ta fi sauri, amma wankewa ya samu a ƙarshe. Kuma a tsarin mulkin Amurka shugaban ƙasa laifin tarayya kaɗai yake yafewa, na jiha a hannun jihar yake. Zango na farko ya bi wannan ƙa'ida da ya kai roƙon sassauci gaban gwamna, na biyu kuma ya tsallake ta ba tare da bayani ba.

Wanda ya kawo wankewar shi ne Kellerman. Da hannunsa a kisan mahaifiyar ɗan Lincoln, shi ya dulmiya Sara a bahon wanka yana neman ta yi magana. Da Kim ya yar da shi, Reynolds ta daina ɗaukar wayarsa, sai ya harbi Mahone ya koma ɓangaren 'yan'uwan. Daga baya ya sa wa kansa bindiga ta ƙi tashi, ya tafi kotun da ake shari'ar Sara ya zayyana komai da takardu. Masu suka na ganin wannan juyi ya yi sauri. Masu kare shi na nuna cewa ba tuba ce ta fara motsa shi ba, zafin wulaƙanci ne bayan shekarun da ya yi yana bauta wa mace ɗaya, tubar daga baya ta zo. Abin da aka nuna a allo ya fi goyon bayan na biyun.

## Matattun da suka dawo

Babban ƙorafin da ake yi wa shirin daga baya ya taso. An nuna 'yan bindiga sun buɗe wuta a motar da ke ɗauke da Kellerman, sai ga shi da rai a ƙarshen zango na huɗu. A zango na uku an kawo wa Lincoln kan Sara a cikin akwati, a na huɗu ta dawo. Mahaifiyar Michael da aka ce ta rasu tun yana yaro ta bayyana. Michael kansa ya mutu a kashin da aka nuna a 2009, a zangon 2017 aka same shi a gidan yarin Ogygia a ƙasar Yaman da sunan Kaniel Outis.

Masu kare shirin na cewa a kan mutuwar ƙarya aka gina shi tun ranar farko, don haka wanda ya yarda da Steadman bai kamata ya ƙi sauran ba. Masu suka na cewa idan kowa na iya dawowa, mai kallo zai daina jin tsoro, tsoro kuwa shi ne jarin irin wannan shiri. Akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. Batun Steadman an shuka shi tun farko, kuma dukan makircin a kansa ya tsaya. Dawowar Sara daga wajen labarin ta samo asali: 'yar wasan, Sarah Wayne Callies, ba ta fito a zango na uku ba, ta dawo a na huɗu, aka nemo hanyar da za a warware abin da aka riga aka nuna. Zango na ukun ma yajin aikin marubutan Amurka na 2007 zuwa 2008 ya taƙaita shi zuwa kashi 13. Mutuwar Abruzzi, Tweener, Haywire da Veronica kuwa ba a taɓa janye ta ba, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa zango na biyu ya fi waɗanda suka biyo shi nauyi.

## Waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba

Domin a ceci mutum ɗaya marar laifi, an saki T-Bag, mai ɗaurin rai da rai saboda sace mutane da fyaɗe da kisa. Likitan dabbobin da ya tilasta wa ɗinke masa hannun da Abruzzi ya sare da gatari, ya kashe shi bayan an gama aikin. Ya kashe ma'aikaciyar gidan waya da ta gane fuskarsa, ya kashe likitan ƙwaƙwalwa ya ɗauki sunansa, ya yi garkuwa da Susan Hollander da 'ya'yanta, matar da ta taɓa kai shi ƙara. Shirin bai ɓoye wannan lissafi ba. Ya kai Michael coci yana faɗa wa limamin Kirista nauyin da ke kansa, ya kuma sa shi ya bar hanyar tsira a Panama ya koma farautar T-Bag. Su ma waɗanda suka taimaka sun biya: shugaban gidan yarin, Henry Pope, ya bar aiki, Sara ta rasa aikinta da mahaifinta, ta tsaya gaban alƙali.

A wannan fanni shirin bai yi nisa da zahiri ba. A ranar 13 ga Disamban 2000 fursunoni bakwai sun tsere daga wani gidan yari a jihar Texas, kwana 11 bayan haka suka kashe ɗan sanda yayin fashi a wani kanti. An kama shida daga cikinsu a jihar Colorado a Janairun 2001, na bakwai ya kashe kansa, bayan mutanen gari sun gane su daga shirin talabijin na America's Most Wanted, shirin da a cikin labarin ma shi ya sa Susan ta gane T-Bag. A Yunin 2015 fursunoni biyu sun yanke bango da bututu suka fita daga gidan yarin Dannemora a jihar New York. An shafe mako uku ana neman su, aka harbe ɗaya aka kama ɗaya, ma'aikaciyar da ta shigar masu da kayan yanka kuma aka yanke mata ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai. Inda shirin ya rabu da zahiri shi ne a rayuwa ba kasafai ake samun wani Kellerman da zai shigo kotu ya wanke mai buɗe ƙofa ba.

Zangon ya ƙare a Panama. An wanke Lincoln, amma Kim ya riske su a bakin ruwa, ya shure jakar miliyan biyar ta nutse, Sara ta harbe shi, Michael ya ɗauki laifin. Mahone ya shiga hannu da ƙwayar da Michael ya ɓoye masa a jirgin ruwa, Bellick da kisan da T-Bag ya ɗora masa, T-Bag kuma Michael ne ya soke shi a hannu ya bar wa 'yan sanda. Dukansu huɗu gidan yarin Sona suka nufa, wanda gandirobobi suka janye daga cikinsa suka bar fursunoni suna mulkin kansu. A can Amurka aka gaya wa shugaban Kamfani cewa Scofield zai fasa wannan ma, ya amsa cewa abin da suke so ke nan, domin akwai wani fursuna a ciki, James Whistler, da suke buƙatar a fito masu da shi.